Ranar da Na Ci Miyar Gyaɗa a Masai

Kafin a tura mu ƙasar Filifin kwas ɗin noman shinkafa, sai da na cika wa majalisarmu ta Gaya baki cewa wayayye zan dawo. Can a Manila wani abokin karatu ya kai ni gidan abincin da aka ƙawata kamar banɗaki. Kujerun duk masai ne irin na zama, kwanukan ma ƙananan masai ne. Sai da na zauna na lura ashe da ƙafar hagu na shiga. Na dake, na nemi shinkafa da miyar gyaɗarsu mai naman sa. Bisimillar ma a zuci na yi ta, don bakina ƙi ya yi.

Miyar ta yi daɗi, sai dai kalarta ba ta rufa mini asiri ba. Duk da haka na ɗaga cokali, na washe baki, aka ɗauke ni hoto, na tura gurup ɗin dangi don su ga ci gaba.

Goggona ta Ajingi ce ta fara kira, tana salati.

"Ɗan nan, yunwar har ta kai haka? In aiko maka da ƙuli-ƙuli?"

"Goggo, ado ne kawai, sabo ne fil."

"Sabo ko tsoho, sunansa masai."

Da na dawo, Baffana ya ware mini kwanona daban. Har yau duk gidan sunan da na je, ana fito da tuwo taubashina zai ɗaga murya:

"A share wa Malam banɗaki, zai ci abinci!"