Adakar Malam Babba

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na sa safar hannu na buɗe adakar kakanmu a gaban baƙi ba. Har yau in na tuna sai kunnuwana su ɗau zafi.

Bari in fara da mai adakar. Malam Babba muke ce masa a gida. Kakan kakana ne, ya zo Makka da ƙafa ta hanyar Sudan tun zamanin Turkawa, ya zauna a unguwar Jarwal har aka ba shi shugabancin wata makaranta mai ɗakunan kwana inda 'yan ƙasarmu ke karatu. Shi ke ɗaukar malamai, shi ke raba wa ɗalibai ɗakuna, shi ke hukunta wanda ya karya doka, kuma komai ya yanke sai ya rubuta ya buga hatiminsa. Makarantar ta daɗe da shafewa, otal ne a wurin yanzu. Kabarinsa kuwa, kun san kaburburan Makka, ba suna ba alama. Abin da ya rage masa a duniya takardun nan ne cikin wata adaka ta katako da muka taso da ita zuwa unguwar Ka'akiyya lokacin da aka rushe unguwarmu.

Sunansa aka sa mini, shi ya sa mahaifiyata, Umma, ba ta kiran sunana, sai dai ta ce Malam. Da Baba zai rasu ya riƙe hannuna ya ce kada in bari sunan nan ya ɓace, amana ce a wuyana. Na ce na ɗauka. To, yadda na riƙe amanar shi ne da baki. Ina aikin tafinta a wani otal a Jarwal, duk alhajin da ya tsaya gabana sai ya ji labarin kakana. Da farko makaranta nake cewa, daga baya ta zama kwaleji, kafin a jima na mai da Malam Babba shugaban jami'a sukutum (shi yana kwance bai san an yi masa ƙarin girma ba). Adakar kuwa ban taɓa buɗe ta da hannuna ba. Sau ɗaya Baba ya nuna mini wasu daga ciki ina saurayi, na ga rubutun ya fi ƙarfin idona, na bar wa Umma makulli na ci gaba da cika baki.

Ana nan sai wani dattijo ya sauka a otal ɗinmu, ya zo Umra. Dakta ake ce masa, malamin tarihi ne a wata jami'a a gida Nijeriya. Na zuba masa labarin kamar yadda na saba, sai na ga ya ajiye kofin shayinsa. Ashe littafi yake rubutawa a kan Hausawan da suka shugabanci makarantu a Hijaz a ƙarni na sha tara. Ya ce ya sha jin labarin wani malami a Jarwal a bakin tsofaffi, amma bai taɓa ganin shaida a rubuce ba, kuma in babu ita ba zai iya sa shi a littafi ba. Na bugi ƙirji na ce shaida ai adaka guda ce, ya zo ranar Juma'a bayan la'asar.

Da na nemi makulli a wurin Umma sai ta ce in zauna akwai maganar da za mu yi tukuna. Na ce ta bari sai baƙi sun tafi, ina sauri zan je in yi odar mandi, shinkafa da naman nan ta Larabawa. Na sayo farar safar hannu a kantin magani saboda na ga ana sawa a talabijin. Na gayyato abokaina uku, ba don komai ba sai don su gani da idonsu, su daina yi mini dariya in na ce jami'a. Aka turara falo, aka ɗora adakar a kan darduma, har ɗan jawabi na yi.

Na ɗaga murfi, na zaro gafaka ta farko, na kwance igiyar. Takardar da ke sama babu komai a kanta. Ta yi kumburi-kumburi kamar wadda ruwan sama ya daka ta bushe, ta yi dusu-dusu, sai hatimi kaɗai a ƙasa. Na ce wannan bango ne, na ɗaga ta biyu. Haka. Na zaro wata gafakar, ita ma haka. Na'urar sanyi na aiki amma gumi ya jiƙa mini safar. Na fara kame-kame ina cewa wataƙila danshi ne (danshi a Makka, jama'a). Dakta ya ɗaga ɗaya ya haska ta a taga, ya ce a hankali, wannan ba danshi ba ne, wanke su aka yi.

Nan ne shaiɗan ya hau kaina. Kunyar abokaina ta rufe mini ido, na miƙe na ɗaga murya yadda duk gidan zai ji.

"Wane jahili ne ya yi wannan aikin? Wane marar tsoron Allah ne ya shafe tarihin gida guda?"

Sai na ji ƙarar kofuna a bayan labule. Umma ce, ta kawo mana shayi ta tsaya tana jira in zo in karɓa.

"Ni ce, Malam," ta ce.

Ban san yadda aka yi na koma zaune ba. Ɗaya daga cikin abokaina ya ƙura wa farantin mandi ido kamar bai taɓa ganin shinkafa ba. Daga bayan labulen ta ba da labarin, muryarta ba ta ko rawa. Ita aikin Hajji ta zo daga Kano ta zauna, Baba ya aure ta, ta yi shekaru ba ta da iƙama, wato takardar zama. Ina ɗan shekara biyu zazzaɓi ya kama ni har idona ya kafe, Baba kuma ya tafi Madina fatauci.

"Biyu na binne kafin kai, ya waladi," ta ce. "Ba ni da iƙama. In na shiga mustashfa, asibitinsu, kama ni za a yi, a raba ni da kai."

Ba ta iya karatu ba. Abin da ta sani shi ne Baba yakan ce hannun Malam Babba mai albarka ne. Sai ta buɗe adakar, ta riƙa ɗaukar takarda tana wanke tawadar a tasa da ruwan Zamzam, kamar yadda ake wanke rubutun allo a gida, tana ɗura mini. Ta shanya takardar a soro, ta mayar inda take. Na sha, na tashi. Da Baba ya dawo ta gaya masa, ya tattara wankakkun ya sa a ƙasan adakar. Sauran kuwa a ciwonsa na ƙarshe ta wanke masa su, shi bai tashi ba. Ta ce hatimin ne kawai ya ƙi fita, ta goga ta goga ta haƙura.

Wato duk shekarun nan da nake gaya wa alhazai cewa takardun kakana suna nan a adane, ban yi ƙarya ba. Rabinsu a cikina suke. Amma ranar babu wanda ya yi dariya, ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na gode mata. Matar da ta haife ni ta hana ni bin yayyena biyu zuwa kabari, ita na kira jahila, a gaban baƙo, da farar safa a hannuna.

Muka ji takunta ta shiga ɗaki ta dawo. Hannunta ya fito ta gefen labule da takarda guda a naɗe cikin ƙyalle.

"Wannan na ajiye wa kaina ne, saboda tawa ranar. Ku ɗauka, kada a ce ni na ɓatar da sunan Malam."

Dakta ya karɓa da hannu biyu. Rubutun na nan raɗau. Ya karanta a ransa, ya matso ya raɗa mini abin da ke ciki: bayan bisimilla, umarni ne daga shugaban makaranta cewa an hana ɗalibai ɗaure awaki a kan soro, don suna cinye wa maƙwabta shanya. Ga sunansa, ga muƙaminsa, ga shekara, ga hatimi. Ya ce wannan ta ishe shi. Ya ɗauki hotonta, ya ɗauki na wankakkun ma. Umma ta tambaya daga inda take, wace addu'a ce a ciki. Dakta ya riga ni amsawa.

"Da sunan Allah ta fara, Hajiya," in ji Dakta.

Ta ce ai ta sani.

Da baƙi suka watse na same ta a kicin na durƙusa. Ta ce kalas, ya wuce, in je in ci abincina kada ya huce. Na yarda ta yafe mini, don Umma ba ta iya riƙo ba. Sai dai daga ranar ba ta sake kawo wa baƙina shayi ba, sai ta aiko matata. Wannan ya fi mini zafi fiye da a ce ta zage ni.

Takardar na kai aka sa mata gilashi na rataye a falo. Littafin Dakta ya fito, Malam Babba ya sami sakin layi guda da hoton dokarsa ta awaki. An rubuta shugaban makaranta, ba jami'a ba, ni ma na koma faɗin haka.

Bara Umma ta kwanta. Yanzu tana da takardunta, mun kai ta asibiti ba tsoron kowa, likitoci suka yi iya yinsu suka ce mu koma da ita gida. Wata rana da yamma ina zaune a gefenta sai ta tambaye ni, cikin jin nauyi kamar mai roƙon abin wani, ko Dakta ya tafi da takardar nan. Na ce tana nan. Ta juya fuska bango.

Na tashi na sauko da gilashin, na ɓalle bayansa. Na ɗauko tasa da Zamzam. Na san sarai abin da ke rubuce, na san ita kaɗai ta rage daga hannun Malam Babba a duk duniya, na sa yatsa ina gogawa ina kallon awakin suna narkewa, hawaye na zuba a ciki. Na ɗago kanta ta kurɓa sau biyu, ta ce alhamdu lillahi, ta ce Allah ya yi mini albarka. Ba ta kai Juma'a ba.

Na shanya takardar na mayar cikin gilashinta. Tana nan a falo, fara fat sai hatimi. Baƙi sukan tambaya mene ne wannan, in ce takardar kakana ce, mun shanye.

Abin da na koya ba shi da yawa. In tsohuwa ta ce ka zauna akwai magana, ka zauna, mandi ba ya gudu. Kuma kafin ka tambayi wane jahili ne ya yi abu, ka fara leƙa wanda ke tsaye a bayan labule.