Rasuwar Rabin Tonon Gidan Lawali Ɗogo

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki, Lawali Ɗogo na Madarunfa, tsohon direban kamiyo, babbar motar kaya, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Rabin Tono, wato rabin gangar mai ta ƙarfe, mai tace ruwan kifayensa na teku. An sauke shi daga aiki ranar Talata da hantsi, cikin wannan shekara ta 1974, bayan shekara tara yana hidima a ƙarƙashin tebur.

Ga wanda bai san marigayin ba, ga asalinsa. Zamanin da Lawali ke kai gyaɗa kudu, wani Bature mai shirin komawa gida ya ba shi akwatin gilashi a Kwatano, da kifaye huɗu masu launi, waɗanda ba sa rayuwa sai cikin ruwan gishiri. Ya gargaɗe shi cewa in ba a tace ruwan ba, ba za su yi mako ba. Lawali ya raba tonon mai gida biyu, ya shafe cikinsa da kwalta, ya zuba yashi da gawayi da ɓawon katantanwa. Ruwa ya riƙa gangarowa ta tiyo daga akwatin zuwa tonon, ya ratsa yashin ya fito garau, shi kuma Lawali ya ɗebe shi da gwangwani ya mayar sama. Gwangwani arba'in, sau biyar a wuni. Abokansa direbobi ke kawo masa ruwan teku a bido, wato jarka, suna yi masa dariya, suna kuma kawowa.

Marigayin mai haƙuri ne, ba shi da yawan magana. Da safe abin da yake cewa bai wuce "ɗis, ɗis" ba. In yashi ya cushe masa ciki sai ya ce "ƙulululu", ya jira a zo. Bai taɓa neman a yaba masa ba, kuma a garin nan ba wanda ya taɓa durƙusawa ya gaishe shi.

Ciwon ajalinsa tsatsa ce. Ta fara daga gindi, inda gishiri ya ci kwalta. An yi masa magani da tsumma da sabuwar kwalta har sau shida. Da damina ruwan ya fara ja, kuma rawayan kifin nan, babbansu, ya juya cikinsa sama. Lawali yana so a sani cewa kifin tsufa ya yi. Duk mai wata magana daban ya riƙe abarsa.

Sai ga ƙanensa Salisu, makanike a Maraɗi, ya iso da wani sabon matacin ruwa na gilashi mai ɗaki uku, da ƙaramin famfo mai aiki da batirin mota. Ba wanda ya aike shi. Ya jawo marigayin daga ƙarƙashin tebur da hannu ɗaya, ya ce, "Yaya, bayanka ya gaji. Ka bar inji ya yi." Lawali ya ce masa madalla, don akwai mutane a ɗakin.

Da yamma uwargida Turai ta tsaya gaban akwatin ta ce, "Malam, ashe kifin nan yana da zane a wutsiya? Yau na fara gani." Shekara tara tana share ɗakin nan.

Tun daga ranar gidan bai rabu da baƙi ba. Mutanen Gabi sun zo, har da na Ɗan Issa, kowa sai ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin tebur, yana tambayar ko nan ne wurin kifin Salisu. Wannan Lawali zai iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne kifayen. Da can, suna jin ƙarar gwangwani sai su taru a gefensa suna buga gilashi da baki. Jiya ya ƙwanƙwasa gwangwanin sau uku, suna can bakin famfo suna wasa da kumfa, sun yi haske, sun yi ƙiba. Ya tsaya yana kallonsu har aka kira azahar, bai ga abin da zai kushe ba.

Marigayin ya bar kifaye uku, waɗanda ba su nuna alamar rashi ba. Da gwangwani ɗaya. Da tiyo, wanda tuni ya kama aiki wurin sabon. Ya kuma bar Lawali, wanda har yanzu yakan miƙe sau biyar a wuni ya tsaya tsakar ɗaki.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan la'asar, a lambun Lawali da ke bakin tabki. Liman ya nemi a yi masa uzuri. Turai ta roƙi a bar mata gawar don ban ruwan awaki, an ƙi. Salisu ya ce a sa a motarsa, an gode masa. Lawali zai ɗauka a ka. Masu ta'aziyya su tsaya a zaure, ɗakin kifi a rufe yake.

Da an so a yi da hantsi, sai dai a lokacin ne Salisu zai nuna wa yayansa yadda ake sauya batir. Lawali ya yarda zai koya, da sharaɗin kada kowa ya shigo ɗakin sai sun gama.