Shagon Yaya Ilu

Da labari ya iso Dakoro cewa yayana Ilu ya buɗe shago a Katsina, Inna ta tambaye ni bambancinsa da kanti, tunda duk Ingilishi ne. Ni Faransanci Nasara ya koya mini a lakwal, makarantar bokonmu ta Nijar, amma in ce ban sani ba?

"Inna, kanti ai ƙanen shago ne," na ce, ina lumshe ido. "Shago bene gare shi, da madubai kamar ruwan tabki."

Inna ta kwashi maƙwabta har Katsina. Suka tarar da Ilu a 'yar rumfa, gwiwoyinsa a waje, yana sayar da ashana.

To laifina ne da Ilu bai gina bene ba? Har yau, kaza na shiga akurki Inna za ta ƙwala mini kira: "Malama, ga kaza ta shiga shagonta, zo ki duba madubi!"