Rasuwar Samfurin da Rabah da Goronyo Suka Ara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Malama Surayya Tambari ta ofishin ƙungiyar manoman albasa a Wurno tana sanar da rasuwar Samfurin Sakin Manhaja, wanda ya cika ranar Talata da hantsi yana da shekara uku.

Marigayin fayil ne na kwamfuta, mai layi arba'in a asalinsa, Surayya ce ta rubuta shi da hannunta. Duk sanda aka gyara manhajar da ke aika wa manoma saƙon ranar ban ruwansu, shi ke haɗa ta, ya gwada ta, sannan ya sake ta zuwa wayoyin mutane. Bai taɓa sakin abin da bai gwada ba. In komai ya yi daidai ya ce "An kai lahiya." In ya ga ɓaraka ya tsaya cak ya ce "Mi ya faru?" Iyakar maganarsa ke nan a duniya.

Kirki ne ya kashe shi. Reshen Rabah da na Goronyo suka zo aro, Surayya ta ba su, da sharaɗi ɗaya: kowa ya kira shi daga inda yake, ya faɗa masa sunan garinsa, kada a taɓa cikinsa. Suka ce to. Ba a yi wata ba kowa ya tsoma hannu, wannan ya cusa nasa, wancan ya liƙa nasa, har bawan Allah ya kumbura ya kai layi ɗari tara. Surayya kan buɗe shi ta rufe da sauri, kamar tukunyar miyar da ta kwana uku.

Ciwon ajali ya zo ta hannun Yusha'u na reshen Rabah. Gwajin ya dame shi da jinkiri, sai ya fizge shi gaba ɗaya, ya kuma rubuta sunan Rabah a tsakiyar jikin marigayin don kada ya riƙa maimaitawa. Bai gaya wa kowa ba. Da yake duk rassan fayil ɗaya suke kira, manoman Marnona da ke ƙarƙashin Wurno suka samu jadawalin Rabah a wayoyinsu, tare da "An kai lahiya", ƙaryar marigayin ta farko kuma ta ƙarshe. Ranar ruwansu ta wuce suna gida. Dashen albasar Malam Haliru da na maƙwabtansa goma sha ɗaya ya bushe a tsaye.

Da yake sunan Surayya ne a saman fayil ɗin, ƙofar gidan mahaifinta dattawan Marnona suka je, ba Rabah ba. Yanzu a Marnona ba mai buɗe saƙon ƙungiya, kuma ba ta ga laifinsu ba. Abin da ya fi ƙona mata rai, Yusha'u ya aiko gaisuwa yana cewa dama marigayin ya tsufa.

Ya rasu ya bar manhajoji uku marayu, da gyare-gyare tamanin da babu wanda ya yarda nasa ne.

Za a goge shi ranar Alhamis bayan la'asar a ofishin Wurno. Mai ta'aziyya ya wuce gonar Malam Haliru da irin albasa a hannu. Masu halartar jana'iza kuwa za su bar filashinsu na kwafar fayil a bakin ƙofa, don tun jiya Goronyo ta bugo waya sau uku tana tambaya ko za a bari ta kwafi gawar kafin a binne.