Tamfol a Kan Rudun Albasa

Maniru ya ruɓar mini da albasa. Ba ta miya ba, ta iri, wadda na ware daga fadamar da Inna ta bar mini a Dandin Mahe. Ni ina aure a Bodinga, shi yana Shagari, kuma ɗan kawuna ne, shi ya sa na bar masa amanarta a rudu, rumfar karan nan da iska ke ratsawa. Da hadarin farko ya taso, sai ya tambayi manhajar da ke cikin wayarsa, wai mai ƙirƙirarriyar basira, ya samo tamfol ya lulluɓe rudun ruf. Albasa ta yi gumi ta narke. Wari ne ya nuna mini gidan tun daga bakin titi.

Maniru ya tarbe ni yana dariya. "Ina gajiya, baiwar gidanmu? Ya mutanen Bodinga? Har yanzu kuna gaida mota in ta wuce?"

"Lahiya lau, sarkin ɓarna. Wanga wari hwa, kai ne ko albasata?"

"Turaren maraba ne. Mu Shagari haka muke tarbon ɗiyan mata."

"Maniru, wa yac ce ka rufe min rudu da tamfol?"

"Wanda ya fi ki karatu. Ke sakandare kinka gama da ƙyar, shi ko ya haɗiye littattafan duniya kaf."

"Ko gara ai ta haɗiye littattafan Kawu, ba mu ga ta yi limanci ba."

"Ke dai hassada. Na'urar nan ta san Larabci, ta san Turanci, ta san nisan wata. Ke nisan Dingyaɗi sai kin tambayi direba."

"Ta taɓa shinshinar albasa?"

"Ba ta da hanci."

"To kai da ke da shi kamar murfin tulu, mi ya hana ka ara mata? Hankali ke gani, ido gululu ne. Kawo wayar in ji abin da ka tambaye ta."

Ya yi ta noƙe-noƙe, na fizge. Na karanta da ƙarfi don matarsa Rahamatu, da ke tankaɗe a gefe, ta zama shaida. Abin da ya rubuta shi ne: yaya zan kare amfanin gona daga ruwan sama?

"Amfanin gona! Ina albasa a nan?"

"Albasa ba amfanin gona ba ce? A kogi ake kamo ta?"

"In ka je asibiti sai ka ce wa likita ɗan Adam ba shi da lahiya, ya ba ka maganin naƙuda ka sha."

"Ai ita mai basira ce, ya kamata ta gane."

"Kai ma an ce ɗan Adam ne, ya kamata ka gane. Makaho ya ja makaho, albasata ce ta faɗa rami."

"To tambaye ta da kanki, mu ga ƙarshen iyayi."

Na rubuta mata cewa albasa ce, kuma ta ruɓe. Kafin in ɗaga yatsa ta ba ni haƙuri, ta ce albasa iska take so, kada a kuskura a rufe ta da tamfol.

"Kin gani? Ta sani sarai!"

"Ta sani bayan jana'iza. Amma ta fi ka abu guda, ta ce in yi haƙuri. Kai tun da na shigo sai haƙora."

"Ubangida ba ya ba baiwa haƙuri."

"Ita ma haƙurin nata na banza ne. Ba ta yi ban-ruwa da sanyin asuba ba, bayanta bai ƙage wajen dashe ba. Wanda ba ya asara, ina zai samo hankali?"

Sai idona ya kai bayan garka. Wani rudu ne tsaye, ciyawarsa a kai, iska na shiga tana fita, albasa jawur kamar an shafa mata mai.

"Wancan na wa ne?"

"Wanne?"

"Maniru, wancan."

"Nawa ne."

"Ina tamfol ɗinsa?"

"Guda ɗaya gare ni. Na fifita ki, don zumunci."

"Ƙarya yake, Yaya Basira," in ji Rahamatu, ko kai ba ta ɗaga ba. "Biyu ya sayo. Cewa ya yi bari a gwada a naki tukuna."

"Rahamatu, da wa kike aure a gidan nan?"

"La'ilaha illallahu! Dama in makaho ya ce a yi wasan jifa, dutse ya taka. Ashe ba ka yarda da malamar taka ba!"

"Na yarda da ita mana. Rabin yarda."

"Yanzu na gane rabon. Ita ilimi ba hankali, kai wayo ba kunya. Hankalin yana wajen jakinka, shi ko ka daka shi ba ya taka inda bai yarda da shi ba."

"Jakin ma a gidanmu ya koya."

"Ka bar wasa. Irin Inna ne, ƙanwar ubanka. In ya ɓace bana, ya ɓace ke nan. Mi zan dasa?"

Nan dariyar ta ɗan tsaya masa. Ya dubi rudun nasa, ya sosa ƙeya, don ya san nasa ma daga hannun Inna ya fito. Can sai ya tuntsire har hularsa ta faɗi.

"An kama ɓarawo da akuya a kafaɗa. Ɗebi rabi, baiwata. Mu ce kuɗin sharar bana ne na biya da wuri."

"Shara daban, diyya daban. Kuma ni zan zaɓa, ba kai ba, ba wayarka ba."

Na zaɓa, manya-manya, Rahamatu na riƙe mini buhu. Saura magana biyu. Ku da kuka ƙera wannan abu, ku koya masa ya tambayi mutum "wane amfanin gona?" kafin ya buɗe baki, don irin su Maniru suna da yawa kuma duk sun sayi waya. Kai kuma Maniru, ka kawo buhunan nan Bodinga da kanka, a kan jakin nan, kuma ka bar shi ya zaɓi hanya.