Ciyaman Ya Zo Aron Gora

"Ina wuni, Kawu? Ya ƙafar?"

"Da sauƙi, Gambo. Ya aikin?"

"Aiki da godiya. Au, ashe ba kai kaɗai ba ne. Shi ya sa tun daga bakin layi na ji gabana yana faɗuwa."

Gambo ɗan ƙanwata ne, Balki kuma 'yata ce ta fari, ka ga taubasai ke nan. Tun suna yara ba sa haɗuwa a rabu ba a taɓa juna da baki ba. Shi direban keke napep ne, kuma shi ne ciyaman na 'yan keken da ke lodi a bakin layinmu a Hayin Banki. Ita tana koyarwa a firamare, gidan aurenta na can ƙarshen layi.

Layin namu siriri ne, amma idan gosulo ya haɗu a titin Kawo, motoci suka cunkushe, ta nan 'yan keke ke yankowa a guje. Da yamma kuwa lokacin ne yara ke zuwa Islamiyya suna dawowa. Shi ne matan layi, Balki a gaba, suka samo durum suka cika da yashi, suka sayi gora biyu dogaye. Daga la'asar zuwa magariba sai su gitta ɗaya a kowane bakin layi, ba keke ba babur, sai ƙafa. Su gitta, 'yan keke su ɗage. Su mayar, a sake ɗagewa. Mai unguwa ya ce su je su daidaita a tsakaninsu, ba su daidaita ba. A zaurena ake ajiye gorar idan an gama.

Ran nan ina zaune a ƙofar gida bayan azahar, Balki ta kawo mini fura tana damawa, sai ga Gambo ya faka kekensa a gabanmu.

Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Baba, ka janye ƙafarka. Mai gwangwanin nan bai san inda burki yake ba."

"Gwangwani? Keken da ko gwamna ya gani sai ya yi sha'awa?"

"Sha'awar ya sa a kai shi gidan tarihi. Jiya da ka wuce, wata ƙusa ta faɗo, na tsince ta na ajiye maka. Idan ta kai cikin kwano sai ka haɗa wani keken."

"Kawu, ka ji 'yarka ko? Ni da na zo gaishe da kawuna."

"Kai da gaisuwa da rana tsaka, lokacin lodi? Bawan gidanmu, faɗi abin da ya kawo ka."

"Wa ye bawan? Ni da aka haifa bayan tagwaye, na zo da rakiya har biyu a gabana. Ke wa ya rako ki?"

"Ba rakiya ba ce, gudu suka yi suka bar ka a baya."

Gambo ya zauna a bakin tabarma, ya juya mata ƙeya, ya yi ƙasa da murya.

"Kawu, ka san walimar Umaima ranar Asabar ɗin nan ce."

Na ce na sani. Umaima 'yarsa ce, ta sauke Alƙur'ani a bana. Gidan haya yake a tsakiyar layi, tsakar gidan kuwa ko tabarma uku ba za ta ɗauka ba.

Ya ce, "To malaminsu zai zo da ɗalibai, ga 'yan uwa daga Zariya, ga surukaina. Dole sai a waje za a kafa rumfa. Shi ne na ce ko za a ara mini... abin nan."

Na ce, "Wane abu?"

"Abin nan dai na zaure. Dogon nan."

Balki ta ajiye ludayi. "Tsintsiyar yana yake nufi, Baba. Ba shi."

"Ba da ke nake ba."

"Ko sandar rake?"

"Kawu, icen nan da mata ke shanya a bakin layi."

"Shanya! Baba, ka ji? Bakinsa ya kasa faɗa. Ciyaman, ka ce gora. Go-ra. Yaran aji ɗaya ma suna iya faɗa."

"To, gora. Na faɗa. Sai aka yi yaya?"

"Me za ka yi da ita?"

"Zan ɗan tare layi na wuni ɗaya."

"Innalillahi! Tare layi? Layin gwamnati? Wa na ji a gaban mai unguwa yana buga ƙirji yana cewa hanya ta kowa ce, duk wanda ya tare ta ya tare abincin talaka?"

"Ban buga ƙirji ba. Ƙuda na kora."

"Ka ce an yi titi don taya ne, mai ƙafa ya bi gefe."

"Wannan fassararki ce. Ke dama ko yaran mutane haka kike koya musu, a faɗi fari ki rubuta baƙi."

"To ai kai ne ciyaman. Ka ce wa yaranka kada su bi ta nan ranar Asabar, shi ke nan. Me ya kawo gora?"

Gambo ya sosa ƙeya. "Nawa za su ji. Na Kawo fa? Na Unguwar Dosa fa? Waɗannan ko liman suka gani a tsakiyar hanya hon za su yi masa."

"Ashe ka san halinku."

"Halinsu na ce."

"Kai dai ka bar layi a buɗe, walima ta yi armashi. Umaima ta ja aya, keke ya amsa mata da hon. Malam ya ɗaga hannu zai yi addu'a, kwandon tumatir ya bi ta ƙarƙashin hammatarsa. Surukarka kuwa a ba ta kujera a tsakiyar hanya, kowa ya huta."

Gambo ya so ya yi dariya, ya danne. "Kawu, gorar nan a zaurenka take. Kai ne mai gida."

Na ce, "Ajiya aka ba ni. Ga mai ita nan."

Ya juyo gare ta, ya gyara hula. "Hajiya Balki. Malama. Uwar ɗakina tun ina goye."

"Yanzu kuma na zama uwar ɗaki? Ranar da ka ɗage gorar ka jefa a kwata, me ka kira ni?"

"Jami'ar hanya na ce. Yabo ne."

"Ka ce 'yar sandan da ba albashi."

"Ai gaskiya ce, ba a biyan ki. Tausayi ne ya sa na faɗa."

"To ji nan. Gorarmu ba ta zuwa biki. Ba kujerar haya ba ce da za a ɗauka da safe a dawo da ita da yamma. Wanda ya yarda da ita ranar Asabar, ya yarda da ita har Juma'a."

Nan Gambo ya bar wasa kaɗan. Ya ce, "Balki, ke albashi kike jira ƙarshen wata. Mu kuwa abin da yamma ta ba mu shi ake ɗorawa a murhu. Idan muka tsaya a gosulon nan, mai yana ƙonewa, fasinja yana sauka yana tafiya. Kuma tsaya in tambaye ki. Ranar da ƙafar Kawu ta kumbura, wa ya zo har ƙofar nan ya kai shi asibiti? Gorarki?"

Ta miƙo mini furar. Gaskiya kuwa ya faɗa, kekensa ne ya kai ni.

Ya ga ya samu sa'a sai ya ƙara. "Ranar da naƙuda ta kama matar Usman mai shago fa? Da a baya za ki goya ta har bakin titi? Ke da buhun gishiri ma sai kin kira ni."

"Wannan ka faɗi gaskiya, ko da yake bakinka bai saba ba. Mara lafiya da mai naƙuda da tsoho, a ɗage musu. Ba mu taɓa cewa a hana su ba, ku ne ba ku tsaya kun ji ba, kuna ta hayaniya kamar ana rabon fasinja."

"A'a, Kawu, ka shaida, yau Balki ta ce na yi gaskiya. A yanka rago."

"Kada ka yi saurin murna. Ni ma in tambaye ka. Gorar nan doguwa ce, mutum ɗaya ba ya iya ɗaukar ta. Wa kake zaton yake kama mini ɗaya bakin kullum?"

"Wata marar aikin yi irinki."

"Umaima."

"Wace Umaimar?"

"Kana da biyu ne?"

Gambo ya dube ni. Na gyaɗa masa kai, don a gabana suke fitar da ita.

Balki ta ce, "Tun ranar da wani keke ya matse ta a jikin katangar gidan Abdulmalik, ta faɗa kwata da jakar Alƙur'aninta a ɗage sama don kada ta jiƙe. Ni na wanke mata hijabi a gidana kafin ta shiga gida. Ta ce kada a gaya maka, wai kada ranka ya ɓaci da abokan aikinka."

"Ta ji ciwo?"

"Gwiwa ce ta ɗan kuje. Ta warke."

"Keken wa?"

"Ban sani ba. Duk kamarku ɗaya, rawaya da rashin haƙuri."

Gambo ya juya ya kalli layin. A lokacin yara sun fara fitowa da allunansu. Can ya sauke numfashi ya ce, "Wato a cikin gidana ake cin tuwona ana yi mini adawa."

"Hankali ta yi. Ta gefen kawunka ta gado shi, ta tsallake ka."

"Ai shi ya sa nake ganin kwanan nan tana yi mini kallon da kike yi mini. Kin lalata mini yarinya."

"Na lalata ta har ta sauke Alƙur'ani. Kai a ina ka tsaya? Baba, ba a Tabbat ya gudu ya shiga tasha ba?"

"Ƙarya ne! Na kai Sabbi. Malam ne ya ce na fi ƙarfin ajin."

"Ya ce ka fi ƙarfin bulala dai."

Ya kwashe da dariya har hularsa ta zame. Da ya nutsu ya ce, "Yanzu idan na je na ce wa mutanena a bar gora, tsige ni za su yi."

"Su tsige ka mana. Dama wa ya zaɓe ka? Ranar zaɓen kowa ya tafi lodi, kai kaɗai aka samu a zaune don kekenka ya ƙi tashi."

"Ke dai ba ki da alheri. To ji. La'asar zuwa magariba kawai. Da an kira magariba a janye."

"Dama haka ne."

"Mara lafiya a ɗage."

"Na ce a ɗage."

"Mai buhu fa?"

"Ya sauke a bakin layi, masu baro ma su ci abinci."

"Ciyaman fa? Ai shugaba yana da alfarma."

"Ciyaman shi zai fara bin doka."

"To zan kira su gobe. Zan ce a gwada zuwa ƙaramar salla a gani. Idan suka yi mini duka, ke za ki biya asibiti."

"Zan sa a ɗage maka gora a wuce da kai."

Ya miƙe ya karkaɗe rigarsa. "Asabar da safe zan zo in ɗauka."

"Ba sai ka ɗauka ba. Mu da kanmu za mu gitta maka tun hantsi. Walimar 'yata ce, kai rakiya kawai ka yi."

Ana cikin haka aka kira la'asar. Mata huɗu suka yi sallama suka shiga zaure suka fito da gora biyun, ɗaya aka yi gabas da ita, ɗaya yamma. Gambo ya bi su da kallo. Ya yi mini sallama, ya shiga kekensa, ya murɗa makulli.

Balki ta ce, "Kashe."

"Me kuma?"

"An gitta gora. Ba a tayar da inji a cikin layi."

"Haba Balki! Daga gobe dokar za ta fara."

"Ba ka da lafiya ne?"

"Lafiyata ƙalau."

"Naƙuda kake yi?"

"Allah ya kiyaye!"

"To sauko ka tura."

Ya dube ni ko zan sa baki. Na ɗauki butata na fara alwala. Ya kashe keken, ya sauko, ya naɗe hannun riga, ya kama ƙarfen gefe da hannu ɗaya, ɗayan a kan sitiyari. Kafin ya tura, Balki ta ɗauki kwanon furarta ta shige baya ta zauna, ta gyara mayafi.

"Ke! Me kike yi?"

"Fasinja ce. Direba, a tafi a hankali, akwai yara a hanya."

Yaran Islamiyya suka tsaya suna kallo. Mai shago ya leƙo, masu wanki suka bar wanki. Gambo ya sa kafaɗa ya tura, keken ya motsa da ƙyar, yana nishi yana dariya.

"Wayyo bayana! Kawu, me kake ba 'yar nan take ci? Buhun masara uku bai kai ta ba."

"Yi shiru ka ja, bawan gidanmu."

"Na ji, ranki ya daɗe, kin ci. Ina za a sauke ki?"

"Ƙofar gidanka. Zan ga shinkafar walima, kada ka kunyata mu a gaban mutanen Zariya."