Dokar Shansherar Alhaji Abdussamadu

Ranar Litinin da hantsi, Alhaji Abdussamadu mai injin casar shinkafa a Birnin Kebbi ya daki ƙirji a majalisar abokansa ta unguwar Gesse.

"Ku kuna bin doka, ni rubuta ta nikai! Kansiloli suna sa hannu, suna godiya."

Ka san irinsu. In za a karɓi haraji a wurinsa, sai ya tuna karatun tattalin arzikin da ya yi a foli, wai a sakar wa kasuwa mara. Shafin da masanan dā suka ce a yi hattara da dokar da ɗan kasuwa ya kawo, wannan gara ta cinye a littafinsa.

Damuwarsa 'yan sarin Kano, da ke tsadar da shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, a wata ƙaramar hukuma ta wajen Argungu. Ya kai wa kansilolinta buhuna da raguna, ya miƙa wa shugabansu, Honarabul Hodi, takarda: an hana fitar da shanshera daga ƙaramar hukumar, wadda aka kama a yi gwanjonta.

"Alhaji, ko a bar 'yar ƙofa?" in ji Hodi.

"Ko ta ɓera kar a bari!"

Doka ta fito, Kanawa suka janye, farashi ya faɗi, manoma suka yi ta tsinuwa. Gogan naka ya narka jarinsa kaf, ya cika tirela uku da shanshera, ya nufi Birnin Kebbi yana gaba a jif. A bakin iyaka 'yan sintiri suka jawo shinge.

"Ina za a kai ta?"

"Injina. Kai, ka san ko ni wane ne? Ni nar rubuta dokag ga!"

"Madalla. Ashe ba sai mun karanta maka ba. Direba, faka."

Sarkin dabara sai yanzu ya tuna injinsa ba a ƙaramar hukumar yake ba. Ya kira Hodi a waya.

"Honarabul, a gyara dokar nan yau!"

"Wayyo Alhaji. Jiya Alhaji Sirajo yaz zo, mai ɗan injin nan na cikin garinmu. Ya ce bai taɓa ganin doka mai kyau irinta ba."

"Mi yak kawo muku?"

"Shi bijimai."

Ranar Laraba aka yi gwanjo. Sirajo kaɗai ya taya, ya kwashe tirela ukun, Alhaji Abdussamadu ya biya kuɗin sauke kaya.